Ɗalha da Taya Mai Tauraruwa

Duk wanda ya san kasuwar Deptford ranar Asabar ya san tirelar Hajiya Karimatu, domin tun daga bakin tashar jirgi ƙamshin masarta yake taren mutum. Wanda ba kowa ya sani ba shi ne mai jawo tirelar, wato mijinta, Malam Ɗalha. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemunsa, kuma idan ka faka mota kusa da shi sai ya gama gaisawa da tayoyinka kafin ya ɗago ya amsa maka sallama. Ni Lawal sunana, aikin rediyo ya kawo ni Landan, bene ɗaya muke da su a Lewisham shekara goma sha ɗaya. Ni Bazazzagi ne, shi Bakano, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan halak ɗina na ci.

A Ƙofar Ruwa ya koyi faci tun yana ɗan shekara tara. Ya ce min ubangidansa bai taɓa ba shi gejin iska ba sai da ya shekara biyar yana gane taya da babban yatsa. Har yau da yatsan yake aiki. Zai danna farcensa a jikin roba, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma, sannan ya gaya maka shekarar da aka yi tayar da irin wulaƙancin da ka yi mata. Na sha gwada shi, ban taɓa kama shi da kuskure ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Zuwansa Landan kuwa albarkacin aure ne. Mahaifin Karimatu ya zo karatu a zamanin da, aka haife ta a asibitin Whitechapel, aka mayar da ita Kano tana goye. Takardar haihuwar ta kwanta a ƙasan adaka shekara talatin kafin wani ya gaya musu abin da take nufi, wato Karimatu 'yar ƙasar Ingila ce. Suka tattaro a 2005. Ɗalha ya sami aiki a wani shagon taya a ƙarƙashin gadar jirgi a Deptford, ya shekara goma sha huɗu yana durƙuso har bayansa ya ce ya gaji. A lokacin masar da Karimatu take soyawa a kicin don suna da walima ta riga ta yi suna, 'ya'yansu sun girma sun watse, sai ta sayi tirela mai taga, wadda aka shirya wa tanda da murhun gas da firiji a ciki. Shi kuma ya sayi babbar a-kori-kura mai gida biyu, baƙa, irin wadda manoman Ingila suke jan shanu da ita. Da ya kawo ta layinmu sai da maƙwabta suka leƙo ta taga, don ta fi wurin fakin tsawo.

Tirelar ba ta kwana a unguwa. Akwai wani fili a can saman tudu, bayan Blackheath, inda ake ajiye irinsu. Kowace Asabar bayan asuba sai mu hau mu ɗauko ta, mu gangaro kasuwa. Na ce mu, domin ni ne mai tsayawa a baya ina ɗaga hannu har ƙugiyar mota ta zo daidai bakin tirela, ladana kuma masa shida da miyar taushe. Ɗalha yana cewa bai taɓa ganin ma'aikaci mai tsada irin Bazazzagi ba.

Amma abin da ya fi so a tafiyar ba tuƙin ba ne. Karimatu takan tashi tun kafin kiran salla ta duba ko ƙullu ya tashi, ta haɗa miya, don haka da an ɗaura tirela an kama hanya sai ta jingina kanta da gilashi ta yi barci. Minti ashirin ne kacal, amma barci ne na gaske, har da ɗan minshari wanda take musantawa. Ɗalha sai ya rage rediyo, ya kalle ni ta madubi, ya nuna ta da haɓa.

"Ka gani, Bazazzagi? Tan biyu nake ja a baya, amma ko juyi ba ta yi. Mace ba ta barci a motar wanda ba ta yarda da shi ba."

Ya faɗa min wannan magana ta fi sau ɗari. Bai da digiri, bai da gida a unguwar masu kuɗi ta Nasarawa, amma yana da wannan barcin, kuma da shi yake taƙama.

To, akwai taya ɗaya a duniya da Ɗalha ba ya taɓawa, ita ce tayar sanyi. Ana gane ta da wata 'yar alama a gefe, hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Robarta taushi gare ta, an tsattsaga mata ƙananan zane, don ta kama kwalta idan gari ya daskare. Labarin ƙiyayyar ya samo asali ne daga Kano, a bazarar 2002. Ƙanensa Is'haq ya sami bas ta farko, zai riƙa jigila tsakanin Kano da Zariya, sai Ɗalha ya ce tayoyin gaba kyautarsa ce. Ya shiga cikin tulin gwanjon da aka sauke daga Turai ya yini yana zaɓe, ya fito da guda biyu masu zurfin zane, masu laushi, kamar ba a taɓa hawansu ba. Ya ga alamar kuwa. Amma mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ina zai san kamanninta? Shi tauraruwa ya gani, ya ce ai lamba ɗaya ke nan, Bature ba ya sa wa kaya tauraruwa a banza.

Sati uku suka yi. Ranar wata Laraba da azahar, kwalta tana tafasa, ta dama ta fashe kusa da Kwanar Ɗangora. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ƙafar Is'haq ta hagu ta karye wuri biyu, har yau da ɗingishi yake tafiya. Daga baya wani tsohon direba da ya yi zaman Jamus ya yi wa Ɗalha bayani cewa tayar ƙasar sanyi ce, zafinmu cinye ta yake yi. A bakin gadon asibiti, gaban mahaifiyarsu, Ɗalha ya ɗaga hannu ya ce wallahi tallahi ba zai sake ɗaura taya mai tauraruwa a jikin wata mota ba har ya koma ga Allah.

Ya kuwa riƙe. A shagon Deptford ba kasafai ake neman irinta ba, don mutanen Landan sun ɗauka ƙanƙara baƙuwar kwana biyu ce. Idan aka yi rashin sa'a wani ya zo nema, sai cikin Ɗalha ya murɗa nan take, ya ɗauki buta, ba zai dawo ba sai abokin aikinsa ya gama. Shekara goma sha huɗu mai shagon yana ba shi shawarar ya je a duba masa hanji.

Wanda ya fara taɓo maganar a fili Wahid ne, wani ɗan zangon Kumasi mai tirelar shinkafa da kaza, wanda yake ajiye tasa kusa da tamu a filin. Farkon Disambar da ta wuce muka tarar da shi ya sauya tayoyi huɗu, duk masu tauraruwa.

"Alaji, sanyi na bana ba wasa," in ji Wahid. "Taya naka ya yi kyau, amma na zafi ne. Ka sa winter tyre, tudu nan ba shi da kunya."

Ɗalha ya yi murmushin da likita yake yi wa mai tallan maganin gargajiya. "Wahid, motata four-wheel ce. Ƙafa huɗu take ja. Ina faci tun kafin a yi maka kaciya."

"Ƙafa huɗu na tafiya ne, Alaji. Na tsayawa fa?"

Ɗalha ya yi kunnen uwar shegu da shi. A mota ya ce min shi ba ya karɓar darasin taya daga mutumin da yake cin shinkafa da taliya da gari a kwano ɗaya.

Asabar ta biyu ga wata muka tashi gari ya yi fari. Ba wata dusa mai yawa ba ce, 'yar yayyafi ce ta sauka ta narke ta sake daskarewa, kwalta tana ƙyalli. Muka hau tudu lafiya lau, Ɗalha yana ta yabon motarsa. Muka ɗaura tirela, Karimatu ta duba murfin bokitan ƙullu guda uku, ta shiga gaba, ta jingina kai. Da muka zo wani ɗan layi mai gangara da yake yanke mana hanya, tuni ta yi nisa.

A ƙasan gangaren akwai mahaɗa. Ɗalha ya taka birki a hankali, yadda ya saba, motar ta ce ba ta san zancen ba. Ya ƙara takawa, feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, muna ta tafiya. Sai na ji tirelar ta turo mu daga baya, gindin motar ya fara zamewa hagu, na waiga na ga tagar da ake sayar da masa tana kallona ta gefen da bai kamata ba. Ni dai na san na yi salati, Ɗalha ya ce ihu na yi da Turanci. Muka tafi a karkace kamar ƙaguwa har tayar baya ta daki dakalin gefen titi, komai ya tsaya.

Taku uku daga hancin motar wata tsohuwar Baturiya ce tsaye da keken cefanenta, ta dafe ƙirji. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyara hularta, ta wuce. Da ta zage mu da ya fi sauƙi.

Ba wanda ya ji ciwo sai goshin Karimatu da ya bugi gilashi ya kumbura. Amma da aka buɗe tirela, ƙullun bokiti uku ya yi wa bango fenti, yana ɗiga daga rufi, ya cika tanda, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa yana daskarewa a titi. Karimatu ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "ka san abin da Wahid ya gaya maka gaskiya ne?"

"Hajiya, kin san na rantse."

"Na sani, ina wurin. To ka riƙe rantsuwarka, ni ma zan riƙe raina da na mutane. Daga yau Wahid zai riƙa sauko min da tirela in ya sauke tasa. Ni kuma bas zan hau."

Haka aka yi. Asabar uku a jere Wahid yana sawu biyu, Karimatu tana fita da jakunkuna ta tsaya a bakin titi cikin sanyi tana jiran bas, baƙar a-kori-kura tana fake a ƙofar gida, Ɗalha yana leƙe ta bayan labule. Na ba shi shawarar ya kai gareji wani ya ɗaura masa, tunda ba da hannunsa ba ne. Ya ce shi ba ya yi wa Allah wayo, sannan duk Landan babu wanda ya isa ya ɗaure notin motarsa. Ka ji Bakano, ga tsoron Allah ga girman kai, duk a numfashi ɗaya. Na yi masa dariya a gabansa, amma da na hau sama tausayinsa ya kama ni, don mutumin ya rame.

A Asabar ta uku ya kasa daurewa, ya bi ni kasuwa a ƙafa, wai zai sayi albasa. Sanyin ranar har cikin haƙori. Motar Wahid tana fake a bayan rumfuna. Na ga Ɗalha ya waiga hagu da dama, ya durƙusa, ya cire safar hannu, ya danna babban yatsansa a jikin tauraruwar nan da ya shekara ashirin yana gudu. Farcen ya shige, robar ta karɓe shi kamar ƙullin tuwo. Muka koma gida, ya nufi tasa motar ya danna. Sai ka ce ya danna busasshiyar ganda.

"Lawal," ya ce, kuma in ya kira sunana na gaskiya to magana ta girma, "tayata ta mutu da sanyi. Ita kuma waccan yanzu take raye."

Ya zauna a kan dakali ya yi min karatun da ban tambaya ba. Birkin irin wannan tirela ba ya kamawa sai motar gaba ta tirje, tirelar ta zo ta danne ƙugiya. Idan tayar mota ta zame, motar ba ta tirje ba, to tirela ba ta ma san an taka birki ba, turi kawai za ta ci gaba da yi. Ga bayan a-kori-kura ba nauyi in ba kaya. Duk ya san wannan tun ranar da abin ya faru. Mutane goma sun gaya masa, amma shi sai yatsansa ya gaya masa yake yarda.

Saura rantsuwa. Da la'asar ya kira Is'haq a waya ta bidiyo, ya ce in zauna in zama shaida. Is'haq yanzu shagon batir gare shi a Unguwa Uku, ya yi tumbi, yana zaune yana fifita da kwali. Ɗalha ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi farashin gero, kafin ya fito da abin da ya kira don shi. Is'haq ya yi dariya har wayar ta faɗi.

"Yaya, wai har yanzu kana nan kan wannan magana? Ni fa da ƙafar na auri mata, da ita na je Makka." Sai ya daina dariyar. "Rantsuwarka ba ta mayar min da ƙafa ba, Yaya. Kada ka bari ta ci ta Yaya Karimatu."

Ɗalha ya sunkuyar da kai. Na ga hawaye ya sauka a gemunsa, na yi kamar ina duba saƙo.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Is'haq. "In kun gama da su, don Allah kada ka sa a kwantena ka aiko mana."

Washegari muka je masallacin Whitechapel, bayan an idar ya tare wani malami ɗan Sakkwato da muka sani. Malamin bai ko zauna ba. Ya ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin, ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma. Ɗalha ya tsaya yana jiran sauran, malamin ya ce shi ke nan. A jirgin dawowa ya yi ta girgiza kai. Shekara goma sha huɗu yana ɗaukar buta, ashe maganin abin kwano goma ne.

Ya yi odar taya shida, huɗu na mota masu ɗaukar nauyi, biyu na tirela, don ya ce ba a yi wa mutum takalmi a bar ɗansa ba takalmi. Ya ari wuri a tsohon shagonsu ranar Talata. Bayansa yana ciwo, amma bai bar kowa ya kama masa ba. Ya yi bisimilla a kan kowace, ya ɗaure noti da hannunsa, ya auna iska da geji sannan ya sake aunawa da yatsa don kada gejin ya yi ƙarya. Mai shagon ya tsaya yana kallon shi da tauraruwa a hannu, ya tambaye shi yaya hanjin.

Wajen kaffara ne aka ɗan yi rigima. Na gabatar da kaina a matsayin mabukaci na farko, Ɗalha ya ce ko malaman duniya sun halatta shi ba zai ɓata kaffararsa a cikin Bazazzagi ba. Ya rasa inda zai samo goman, yana ta lissafin masu kwana a bakin tasha. Karimatu, wadda har lokacin ba ta ce ta janye hukuncinta ba, ta ce ya bar mata wannan. Ashe ta san su duka. Akwai masu zuwa gaban tirela su tambayi nawa ne, su ce bari su zaga su dawo, ba sa dawowa. Wani ɗalibi da tallafinsa ya yanke, wata bazawara mai 'ya'ya uku, wani dattijo ɗan Nijar da takardunsa suka maƙale. Ta ce amma kaffarar tasa ce, don haka shi zai sayi shinkafar, shi zai kai niƙa, shi zai kai kwanukan har ƙofa. Ya yini ranar Alhamis yana hawa benaye da kula a hannu. Da ya dawo bai yi tsokana ba, ya ce min bai san akwai yunwa haka a layukan da yake wucewa kullum ba.

Asabar ta zagayo da sanyin da ya fi na ranar zamewa. Na sauko na tarar ya tayar da mota ta yi ɗumi, ya goge gilashi, yana tsaye a gefe kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Bai roƙi Karimatu ba. Karimatu ta fito da jakunkunanta, ta dubi wajen tashar bas, ta dubi motar. Ta zagaya ta duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta san taya daga tanda ba, har da ɗan shuri. Sannan ta buɗe gaba ta shiga.

Muka ɗaura tirela, Wahid yana ɗaga masa babban yatsa, shi kuma yana yi kamar bai gani ba. A hanya Karimatu ta zauna ƙyam, hannunta ɗaya riƙe da madafar ƙofa, idonta a kan titi. Ɗalha ya bi ta layin nan dai, don ya ce in bai bi ba yau ba zai sake bi ba. Ya sa ƙaramar giya tun daga sama, ya sauko kamar mai ɗauke da ƙwai, ya taka birki tun da nisa. Motar ta tirje, na ji tirelar ta zo ta dafa mu a hankali ta tsaya, muka tsaya cak a bayan farin layi.

Karimatu ta dubi farin layin. Ta saki madafar kawai, ta gyara mayafi.

Saura kamar minti bakwai mu isa kasuwa, muna tsaye a danja, na buɗe baki zan tsokane shi. Sai na ga ya miƙa hannu ya rage rediyo. Na duba madubi, idanunsa sun cika taf, ya kasa faɗin maganar da ya saba faɗa. Da haɓa kawai ya nuna min ita. Kanta yana jingine da gilashi, daidai wurin da ya bar mata tabo a goshi, tana ɗan minsharin nan da take musantawa.

Danja ta ba mu hannu, na baya suka fara hon. Ɗalha bai kula su ba, ya ɗaga ƙafa daga birki a hankali don kada ta farka.